Gidanka na farko: ina za a samo kuɗin?

Ɗan'uwa mai karatu, in gidan haya kake zaune, ka san babu ranar da ta kai ƙarshen wata saurin zuwa. Ɗauko alƙalami mu yi lissafi tare, tunda yanzu ka iya. Mu ce ɗaki biyu kake haya, jika 15 a wata. A shekara jika 180 ke nan. A shekara goma, miliyon ɗaya da jika 800. Kuɗin nan duka daga aljihunka suka fita, amma ko ƙusa guda ta gidan ba taka ba ce. Ranar da mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakinsa, sai ka ɗaure kaya.

Haya ba laifi ba ce. Wanda aikinsa ke yawo da shi gari gari, haya ta fi masa. Amma mai iyali da ya zauna wuri guda, ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, kullum maganar tana ransa: yaushe ni ma zan rufe ƙofar gidana?

A ƙasarmu kaɗan ne ke sayen gida ginanne su biya lokaci guda. Yawancin mutane fili suke fara saye. Bana a yi katanga. Baɗi a ɗora ɗaki guda da makewayi. In an samu hali a shiga, sauran ginin a yi shi ana ciki. Saboda haka in muka ce sayen gida a wanga darasi, har da sayen fili da gina shi sannu sannu muke nufi.

Kafin mu shiga maganar, ga abu guda da ke rikita mutane. A kasuwa da dala muke ƙidaya. Takardar banki da ta mairi kuwa da tamma ake rubuta su, watau faran. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya tamma 1.000 ce, dala 200 ke nan. In ka ga an rubuta 1.000.000 F, miliyon ɗaya ne, watau jika dubu. Duk lokacin da ake ciniki da baki, ka tambaya: da dala kake faɗi ko da tamma? Kuma ka ƙirga sifirin da ke takarda da yatsanka kafin ka sa hannu. Sifiri guda ya isa ya mai da jika 100 ta koma miliyon.

Takarda kafin kuɗi

Wataƙila ka ce: malam, maganar kuɗi muka zo ji, mi ya kawo takarda? To ai takarda ita ce tushen maganar. Kuɗin da ka tara shekara biyar suna iya tafiya cikin yini guda in ka sayi filin da ba shi da takarda ta gaskiya. Kuma babu bankin da zai ba ka bashin gida bai dubi takardar wurin ba.

Takardun fili ba daraja guda gare su ba.

Akwai ƴar takardar da mai sayarwa ke rubutawa, shedu su sa hannu, wani lokaci mai unguwa ma ya sa. Tana nuna an yi ciniki. Amma ba ta nuna cewa mai sayarwar shi ne mai filin na gaskiya ba.

Akwai takardar karkara. Tun da aka yi dokar tsarin karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira kofo, a ƙauye da komin da departama. Su ke ba da shedar saye, ko ta kyauta, ko ta cewa gona ta gado ce. In a ƙauye za ka yi gini, can za ka nufa. Amma ka lura da gonakin bakin birni. Mutum ya yanka gonarsa ƙanana ƙanana ya sayar da araha, ba a yi lotisma ba. Ranar da lotisma ta zo, sai hanya ta bi ta tsakar ɗakinka.

Akwai takardar mairi ta filin da aka yi wa lotisma. A samanta za ka ga an rubuta da Faransanci: Acte de cession. Tana ɗauke da sunan lotisma, da lambar ilo, da harafi ko lambar farsel, da girman filin, misali mita murabba'i 300 ko 400, da sunan mai shi. Yawancin masu gida a birane ita suke riƙe da ita.

Sai babbarsu, wadda ake kira Titre foncier. Ita ce ake rubutawa cikin babban littafin ƙasa na gwamnati, a ofishin domen. Da can samun ta na da wuya ƙwarai, ga tsada, ga jira. A 2006 aka fito da hanya mai sauƙi, aka sa wa takardar suna da Hausa: Sheda. Ita ce banki ya fi yarda da ita wajen jingina.

To in dillali ya kawo maka fili, mi za ka yi? Kada ka ba da ko dala ranar farko, ko da ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗi da marece. Wanga zance duk dillali ya iya shi. Karɓi kwafin takardar. Tafi mairi, ofishin da ke kula da filaye, ka ce a duba maka littafi: lambar nan tana nan? Sunan wa ke kanta? Sannan ka kwatanta sunan da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. In lotisma ta wani mutum ce ko ta kamfani, ka ce a nuna maka takardar iznin da gwamnati ta ba su. Bayan haka ka ɗauki mai awon ƙasa ku tafi wurin, ya nuna maka turakun siminti huɗu na iyaka. An sha nuna wa mutum fili mai kyau bakin hanya, alhali lambar da ke takardarsa tana can cikin kwari. An kuma sha sayar da fili guda ga mutum uku. Ka tambayi maƙwabta ma. Tsohuwar da ke zaune kusa da wurin ta san wanda ya zo ya zuba yashi bara.

In gidan gado ne, a ƙara hankali. Ɗa guda ba ya sayar da gidan uba shi kaɗai, ko da shi ne babba. Sai an ga takardar rabon gado, ko kuwa magada duka, maza da mata, su yarda a rubuce. In ba haka ba, kana tsakar fenti wata ƙanwa za ta dawo daga Kano da sammacin alƙali.

In an gama ciniki, saura abu guda da mutane da yawa ke sakaci da shi: sauya suna. Muddin sunan tsohon mai fili ne a littafi, a idon hukuma nasa ne. In ya rasu, da ƴaƴansa za ka yi shari'a. Sauya suna na cin kuɗi, notar ma na cin kuɗi in ta hannunsa aka bi. Ka sa su cikin lissafi tun farko.

Ke ma ƴar'uwa mai karatu, wanga zance naki ne. In da kuɗin sana'arki aka sayi fili, sunanki ya kamata a rubuta. In ke da maigida kuka haɗa, a rubuta ku biyu. Ba rashin yarda ba ne. Rai na hannun Allah, kuma ranar rabon gado takarda ake karantawa.

Kuɗin hannunka

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ko banki ba ya biyan kuɗin gida duka, sai ya ga naka kason. Saboda haka kowace hanya za ka bi, da ajiya ake farawa.

Matsalar ajiya ka san ta. Kuɗi in suna cikin ɗaki, sai suna ya taso, ko biki, ko rashin lafiya, ko ɗan'uwa ya zo da kuka. Ba ka iya cewa babu alhali akwai. Shi ya sa mutanenmu suka daɗe da dubarar mai da kuɗi wani abu da ba ya kasuwa da sauƙi. Wani ya sayi ɗan bijimi bayan girbi ya turke. Wani ya sayi raguna ya kiwata don Layya. Akwai riba, amma dabba na mutuwa, ana kuma sace ta, abincinta ma kuɗi ne. Wani kuwa duk jika biyar da ya samu sai ya buga birgi ya jibge a filinsa. Wannan dubara ce mai kyau. Birgi da tol da ƙarfe suna jira. Siminti dai ba ya jira: in ya kwana biyu ya sha danshi sai ya daskare, kuɗi sun tafi. Kada ka sayi siminti sai maso na tsaye.

Adashe shi ne bankin talaka. Mutum 10, kowa jika 20 a wata, mai ɗauka ya tashi da jika 200. Babu riba a kai, babu takardu. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje da yawa, gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta tsai da tan guda jika 55 a Yamai. Tan guda buhu 20 ne. Da wancan farashi, kwasar adashe guda ta jika 200 buhu 72 ce. Ka ga ba wasa ba ne. Sai dai adashe amana ce zalla. Wanda ya ɗauka da farko bashi ya ci, wanda ya ɗauka daga ƙarshe ajiya ya yi, kuma shi ke cikin haɗari in wani ya gudu. Shiga da waɗanda ka san gidajensu. Tunda kun iya rubutu, ku sayi kaye guda: suna, rana, abin da aka zuba, sa hannu. Kuma ka roƙi a sa ɗaukarka ta faɗo da rani, lokacin gini.

Mata sun ƙara wa adashe dubara. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin akwati. Mai bukata ta ranta ta yi sana'a, ta maido da ɗan ƙari. In zagaye ya cika a fasa akwati a raba. Daga nan Nijar tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Rancen akwatin ƙarami ne, na ɗan lokaci ne, ba ya gina gida. Amma rabon ƙarshen zagaye yana sayen ƙofa da taga, ko ya rufa ɗaki.

Sai kuɗin ƴan bida. Gidaje da yawa a yankin Tawa da Damagaram da gumin Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas aka gina su. In kai ne a waje kana aiko kuɗi a yi maka gini, ga shawara. Kada ka aiko da yawa lokaci guda. Aiko na tushe, a ɗauko maka hoto da salula, sannan ka aiko na bango. Ajiye rasit na kowane aike. Takardar fili kuma ta fito da sunanka, ba da sunan wanda ka wakilta ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Zumunci da yawa ya mutu a kan wanga abu.

Asusu

Tsakanin adashe da banki akwai asusun ajiya da bashi. Suna karɓar ƙaramar ajiya, suna kusa da kasuwa, kuma ana yi maka bayani da Hausa. Wurin ajiya ne mai kyau ga wanda ba shi da albashi. Amma kafin ka kai kuɗinka, tambayi takardar izninsu. Asusu na gaskiya yana da izni daga ma'aikatar kuɗi, kuma akwai hukumar da ke sa masa ido, ana kiran ta ARSM. Wanda ya ce kawo jika 100 ka karɓi jika 150 bayan wata guda, ba asusu ba ne, tarko ne.

Bashin asusu kuwa na kasuwanci ne. Wa'adinsa gajere ne, ribarsa na da nauyi. In aka ce maka kashi 2 cikin 100, tambaya: a wata ko a shekara? Kashi 2 a wata shi ne kashi 24 a shekara. A kan jika 500, jika 10 ke nan tun watan farko, ban da uwar kuɗi. Ɗan kasuwa na iya jurewa, don kuɗin na juyawa. Bango kuwa ba ya juyawa. A ganina bashin asusu bai dace da fara gini ba. Inda ya dace shi ne ƙarshen aiki: ɗaki ya kai rufi, saura tol da ƙofa, in ka rufa za ka bar gidan haya. Nan kuɗin hayar da ka huta biya su za su biya bashin.

Banki

Dattawa da yawa ba su yarda da banki ba, kuma suna da dalili. Sun ga faɗuwar babban bankin BDRN a 1990, sun ga yadda kuɗin mutane suka maƙale. Sun kuma ga an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan gini na waje suka yi tsalle. Daga baya an ƙara tsaurara dokokin da ke kan bankuna. Duk da haka bashin gida bai zama na kowa ba.

Ga dalili. Banki da kuɗin masu ajiya yake ba da bashi, su kuwa suna iya zuwa gobe su ce a ba su abinsu. Bashin gida kuma shekara da shekaru yake ɗauka. Don rage wanga matsala ne aka kafa wata ma'aikata a Lome a 2010, mai suna CRRH-UEMOA, wadda ke samo wa bankunan ƙasashen sefa kuɗi masu dogon wa'adi don bashin gidaje. A nan gida kuma an buɗe bankin gidaje, Banque de l'Habitat du Niger, a Yamai, ƙarshen 2018.

Mi banki ke bukata gare ka? Na farko, kuɗin shiga tabbatattu. Ma'aikaci sai albashinsa ya riƙa biyowa ta bankin, su cire nasu kafin ya taɓa. Ɗan kasuwa sai sun ga kuɗinsa na shiga da fita cikin kont ɗinsa wata da watanni. Wanda ke ajiye cinikinsa ƙarƙashin katifa, ko miliyon nawa yake juyawa, banki bai san shi ba. In kana da niyyar neman bashi nan da shekara biyu, buɗe kont yau. Akwai ma tsarin da ake kira ajiyar gida: ka riƙa zuba abu kaza kowane wata har wani wa'adi, sannan ka samu damar neman bashi gwargwadon abin da ka tara. Ka tambaya a kansa.

Na biyu, jingina. Za a rubuta a littafin ƙasa cewa gidan na hannun banki har ka gama biya. Ka fahimci wannan da kyau: in ka kasa biya, doka ta ba su hanyar sayar da gidan. Na uku, inshorar rai, don in mai bashi ya rasu kamfanin inshora ya biya saura, kada a fitar da marayu. Wani lokaci kuma su ce sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Kai ma in aka ce ka tsaya wa wani, ka sani ba sheda kake yi ba. In bai biya ba, kai za a kama.

Yanzu mu yi lissafi. Wannan misali ne kawai, kowane banki da nasa farashi. Mu ce ka ranci miliyon 3, riba kashi 10 cikin 100 a shekara.

In shekara 5 za ka biya, kowane wata wajen jika 64 ne. In ka gama, ka biya wajen miliyon 3 da jika 824. Ribar banki jika 824 ke nan.

In shekara 10 ne, kowane wata wajen jika 40. Ya fi sauƙi a wata. Amma in ka gama, ka biya wajen miliyon 4 da jika 757. Riba ta zama miliyon 1 da jika 757, ta ninka ta farko har da ɗori.

Ka gani? Tsawon wa'adi na sauƙaƙa wata, yana tsananta jimla. Kuma bankuna yawanci ba su son abin da ake cirewa ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na albashi. Watau mai biyan jika 64 sai albashinsa ya kai wajen jika 190. Mai biyan jika 40 sai ya kai wajen jika 120. A farkon 2024 aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta a Nijar zuwa jika 42. Kwatanta da kanka, za ka gane dalilin da ya sa yawancin ma'aikata ƙaramin bashi suke ɗauka, na shekara uku ko huɗu, su yi tushe da bango, su biya, su sake ɗaukar wani don rufi.

Ribar da ake faɗa maka da baki ba ita ce duka ba. Akwai kuɗin buɗe dosiye, da inshora, da haraji, da kuɗin rubuta jingina. Akwai lamba guda da ke haɗa riba da yawancin waɗannan caje-caje, ana rubuta ta da harufa uku: TEG. Ita za ka nema a takarda, da ita za ka kwatanta banki da banki. Doka ta sa mata iyaka. A 2014 an tsai da iyakar a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusu. Hukumomin kuɗi na sake duba wannan iyaka lokaci lokaci, saboda haka ka tambayi wadda ke aiki ranar da za ka sa hannu.

Ka ce a ba ka jadawalin biya, wanda ke nuna wata bayan wata nawa ne riba, nawa ne uwar kuɗi, nawa ya rage. Sannan ka yi tambaya uku. In na makara wata guda, nawa ne tara? In na samu kuɗi ina son in biya duka kafin wa'adi, akwai caji? Ribar nan tsayayya ce ko tana iya hawa? Takardun da Faransanci suke. Ba kunya ba ce ka ce za ka tafi da su gida. Kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi layi, har ƙananan rubutun ƙasa. Ma'aikacin da ya ƙi ba ka kwana biyu ka yi nazari, bar masa takardarsa.

Wani zai ce: ni ba ni cin bashi mai riba, addini ya hana. Akwai hanyar da aka tsara don irinka. A Yamai akwai bankin Musulunci, Banque Islamique du Niger, kuma waɗansu bankuna da asusu sun buɗe sashe na irin wannan ciniki. Wadda aka fi sani ita ce murabaha. Banki ya sayi gidan ko kayan ginin da kansa, ya sayar maka da farashin da ya ɗora ribar ciniki a kai, kuka yarda tun farko, ka riƙa biya kaɗan kaɗan. Jimlar ba ta ƙaruwa da tafiyar lokaci. Amma ba kyauta ba ce, kuma ba lalle ta fi araha ba. Su ma suna neman takardar fili da tabbacin kuɗin shiga. Hukuncin addini ka tambayi malaminka. Lissafi kuwa naka ne: nawa a wata, wata nawa, jimla nawa.

Taimakon gwamnati da na wurin aiki

Gaskiya taimakon bai kai yawan masu bukata ba. Tun farkon shekarun 1960 akwai kamfanin gwamnati mai suna SONUCI, wanda ke tsara filaye, yana gina rukunin gidaje. Wani lokaci gidajen rukuni ana ba da su ta hanyar haya mai zama saye: kana biya kowane wata kamar ɗan haya, in wa'adi ya cika gida ya zama naka. Masu albashi suka fi samu, kuma a Yamai aka fi yi. A farkon shekarun 2000 ma gwamnati ta biya ma'aikata wani sashe na bashin albashinsu da filaye. Waɗanda suka riƙe nasu sun gode Allah. Waɗanda suka sayar da araha don matsin lokacin, har yau suna cizon yatsa.

In kana cikin sandika, ko ƙungiyar ƴan kasuwa, ko ta masu sana'a, ka kasa kunne. Sukan sayi babban fili tare, ko su yi yarjejeniya da mai lotisma, a riƙa cire kuɗin kaɗan kaɗan. Ya fi araha. Amma tambayoyin nan dai su ne: ina filin yake, ina iznin lotisma, yaushe takarda za ta fito da sunana, kuma in abin bai yiwu ba wa zai maido mini kuɗina? In kamfani ne ya nuna maka zanen gida mai kyau a takarda ya ce fara zubi, je ka ga gidajen da ya riga ya gama, ka yi magana da waɗanda ke ciki.

Rage kuɗin ginin kansa

Jikar da ba ka kashe ba ta fi jikar da ka ranto. Ba dole sai siminti tun daga ƙasa har sama ba. Ana yin tushe da dutse da siminti, a ɗora tubalin laka, a yi shafe mai kyau. Ɗakin laka ya fi sanyi da bazara, kowa ya sani. Tun shekarun 1980 aka koya wa magina da yawa a ƙasar nan gini ba itace, mai rufin tulluwa da tubali zalla, ba azara ba tol. In akwai wanda ya ƙware a garinku, je ka ga aikinsa. Amma laka na son kulawa kowace shekara: a gyara indararo, a toshe tsaga kafin ruwan farko. Damanar 2024 ta nuna haka, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi a watan Satumba.

Da maso kuma ku yi jinga mataki mataki, a rubuce. Tushe kaza, bango kaza, rufi kaza. Kada kuɗi su riga aiki. Ka nemi iznin gini a mairi. Ka tuna da kuɗin makewayi da na jawo ruwan pampo da na kontar lantarki, don su ake mantawa, sai an tare a tuna.

Abu na ƙarshe shi ne wurin da filin yake. In ka ji fili ya yi araha fiye da na kewaye, akwai dalili. Tsohon garin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai, ya shiga Lamorde da unguwannin da ke kusa da ita. Dillali da rani yake kai mutum ganin fili, lokacin da ko'ina busasshe ne. Kai kuwa ka koma a watan Agusta, washegarin babban ruwa, ka tafi da ƙafa. Dubi inda ruwa ya kwanta, da inda ya bi, da tsayin alamar da ya bari a katangar maƙwabta. In takalminka ya nutse kafin ka kai turakun iyaka, ka ce wa dillali ya nemo maka wani.